Hancin Tama Umas

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can gindin manyan duwatsun tsakiyar Taiwan, ya san abu biyu game da Tama Umas: mutumin kirki ne, kuma ba a tafiya da shi. Ba ya sata, ba ya wuce kima a giyar gero, bai taɓa ɗaga wa matarsa Cina Langus murya ba, ita ce dai take ɗaga masa. (Tama da Cina, a harshenmu, kamar a ce Baba da Inna ne.) Laifinsa ɗaya ne tak a duniya, kuma a tsakiyar fuskarsa yake zaune.

Mu 'yan ƙabilar Bunun, in za a hau dutse farauta ko wata doguwar tafiya, akwai abin da ba a wasa da shi. An ɗaure kaya, an rataya jakar raga a goshi, an taka bakin ƙofa, sai wani ya yi atishawa ko ya saki tusa, to tafiya ta ɓaci. Kakanni ne suka ce a dakata. Ko dai kowa ya sauke kayansa sai wata rana, ko kuma, in mutane sun ƙagu, a bar mai abin a gida ya ji da kansa. Kowa yana iya yi sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa, ba abin kunya ba ne. Umas kuwa, tun ranar da mahaifinsa ya fara ɗaura masa wuƙa a ƙugu, bai taɓa taka bakin ƙofa da niyyar hawa dutse ba face hancinsa ya sa baki.

Abin haushin, ba mura ce da shi ba. Ya shiga rumbun gero ya yi ta kaɗe ƙura, shiru. Ya yi shekaru yana leburanci a gine-ginen birni yana shaƙar siminti, hancin nan ko motsi. Coci, kasuwa, gona, duk lafiya lau yake zuwa. Amma a ce dutse kawai, ya ɗaga ƙafa, sai ka ga idonsa ya kawo ruwa, bakinsa ya buɗe, mutane suna “a'a, a'a, Umas, riƙe,” sai “hacciii!” har karnukan farauta su watse.

Babu irin dabarar da ba a gwada ba. Mahaifiyarsa ta cusa masa ganye a hanci, ya yi atishawar da ganyen ya tashi ya manne a goshin kawunsa. Mahaifinsa ya taɓa goya shi da asuba yana barci, wai a fita da shi bai sani ba, yaron nan ya yi atishawar cikin barci. Da ya zama saurayi, wani sabon fasto da aka kawo daga birni ya ce duk camfi ne, shi da kansa zai raka shi, su taka ƙofa da addu'a. Umas ya yi atishawarsa, fasto ya ce a ci gaba. Ba su wuce rafin bayan gari ba fasto ya zame a kan gansakuka ya zauna daɓas cikin ruwa, aka dawo da shi a goye. Tun daga nan coci ta cire bakinta daga maganar hancin Umas.

Haka ya zama mai jiran gida. Sa'anninsa su tafi, su dawo da naman aladen daji da na gada, a hura wuta, kowa ya miƙe ya faɗi abin da ya yi. Shi aikinsa ƙara itace da saurare. Kuma ya saurara, don babu wanda ya kai shi. Ya haddace sunan kowane rafi, kowane kwari, kowace bishiyar da ake hutawa a ƙarƙashinta, a jere kamar yadda suke a hanya. In mafarauci ya tsallake wani wuri a labarinsa, Umas ne yake gyara masa, shi da bai taɓa wuce gadar igiya ta bayan gari ba.

Naman bai dame shi ba, ana ba shi kasonsa kamar kowa. Abin da yake ci masa rai shi ne kufai. Can sama, tafiyar yini, akwai tsohon garinmu da sojojin Japan suka sauko da mutane daga cikinsa tun mahaifinsa yana yaro. A nan gidansu yake, kuma kakansa yana kwance a ƙarƙashin daɓen ɗakin, don mutanen dā a cikin ɗaki suke binne nasu. Duk namijin zuriyarsu ya je ya gaishe shi ko sau ɗaya ne. Har matan sun je. Umas ya haura saba'in bai je ba, kuma ba ya son a yi zancen a gabansa.

Wanda ya fi kowa yin zancen a gabansa shi ne Tama Atul, abokinsa tun suna yara, mafaraucin da ya fi kowa baki. Yanzu gwiwoyinsa sun mutu murus, a kujera yake wuni a bakin titi yana jiran wanda zai tsokana.

“Mai Hanci! Ina zuwa da sassafe haka? Dutse?”

“Shago zan je, gurgu.”

“To a yi a hankali, kar a yi ta a ƙofar shago mai shago ya rufe!”

Sai ga zamani ya juya. Makarantar ƙauye, wadda Umas yana yaro ake rataya masa allo a wuya in ya kuskura ya yi Bunun a aji, ita ce aka wayi gari ta ce za ta koya wa yara al'adunmu. Da safe lissafi da Sinanci, da rana gonar gero, saƙa, waƙoƙin dā, ɗana tarko da harshenmu. Kuma 'yan ajin ƙarshe, kafin su fita, dole su taka zuwa kufai su kwana, da dattijon da zai faɗa musu sunayen wurare, ya kuma gabatar da su ga kakanni. Malama Niun, wadda aka ɗora wa wannan aiki, ta zaga gari neman dattijo. Wannan yana maƙabarta, wancan yana asibiti, wanda ya rage ko matattakalar coci sai an ɗaga shi. Dutse ya cinye gwiwar duk wani namiji da ya isa. Saura mutum ɗaya da gwiwoyinsa suke nan garau kamar ba a taɓa amfani da su ba, don kuwa ba a taɓa ba.

“Tama, kai kaɗai ka rage mana,” in ji Niun, tana tsaye a tsakar gidansu.

“'Yata, ba ki san labarina ba ne?”

“Na sani, Tama. Amma ai an daɗe. Wataƙila ya warke.”

Cina Langus tana tsugune tana feran gwaza, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Haƙoransa sun zube, kunnensa ɗaya ya toshe, gashi ya gudu. Hancin nan ne kaɗai bai tsufa ba. Amma ɗauke shi, ko na huta da ganinsa.”

Maganar gaskiya, a aji Umas ya yi abin a yaba. Yana zama a kan kututture a bakin gonar makaranta, yara su zagaye shi, ya yi ta zuba musu hanya tun daga gadar igiya har kufai, da Bunun zalla. Wanda bai gane ba ya tambaya, wanda ya tambaya da Sinanci sai Umas ya juya masa kunnen da ya toshe. Ya ba su labarin Rafin Jan Kare, wanda ruwansa yake kai wa ƙato wuya. Ya ba su na Dutsen Sauke Kaya, mai girman coci. Ya koya musu ƙulla ciyawa a bakin hanya don na baya ya san inda aka bi, da yadda ake sauraren tsuntsu kafin a wuce. Dokar bakin ƙofa kuwa ya koya musu ita da fuska a murtuke, ya ce ba abin dariya ba ne. Yaran suka haɗiye dariyarsu, don babu wanda kakarsa ba ta ba shi labari ba.

Da tafiya ta matso, Niun ta ɗauki mataki. Ta aika wa iyaye cewa kwana biyu kafin tashi kar a ba yaro dankali, kar a ba shi wake, kar a ba shi madara. Ranar tashi aka jera su a ƙofar makaranta, kowa da kayansa, kowa ya matse jiki, wani yaro har ya yi kore don riƙewa. Ɗaya bayan ɗaya suka tsallake ƙofa a kan yatsun ƙafa, lafiya. Rabin gari ya fito kallo, an ma turo Tama Atul a kujerarsa an ajiye shi a gaba.

Umas ya zo ƙarshe. Ya sha sabuwar rigar saƙa mai jan baki, wuƙar mahaifinsa a ƙugu. Ya ɗaga ƙafar dama. Ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa.

“Kaka, danna leɓenka na sama!” in ji wata yarinya.

“Kalli ƙasa, Kaka!”

“A'a, kalli sama!”

Ya kalli sama, rana ta shiga idonsa, sai “hacciii!” Tama Atul ya yi dariyar da sai da aka bubbuga masa baya. Yaron nan da ya yi kore ya ga tafiya ta riga ta ɓaci, sai shi ma ya saki nasa cikin kwanciyar hankali.

Aka ɗaga zuwa mako na gaba. Wannan karon Niun ta kawo maganin mura daga kantin magani, Langus ta dafa masa citta mai zafin da zai kashe doki, yara kuma suka ɗaure masa hanci da tsumma har sai da ya riƙa magana kamar agwagwa. An hana 'yan kallo, an ce wa Atul sai jibi za a tafi. Umas ya rufe ido, yara biyu suka riƙe hannuwansa, ya ɗaga ƙafa. Atishawar ta rasa hanya ta hanci, ta fito ta baki da wata irin ƙara marar suna.

Sai wata yarinya mai wayo, Tanivu, ta kalli sauran ta ce, “Ni ban ji komai ba. Ku kun ji?”

“Ba mu ji ba!”

“Tari ne ma,” in ji wani.

“Babur ne ya wuce,” in ji wani.

Niun ta duƙar da kai tana gyara igiyar takalmi, wai ita ma ba ta ji ba. Umas ya kwance tsumman daga hancinsa a hankali, ya ninke shi. Ya ji daɗin abin da yaran suka yi har cikin ransa, kuma shi ne ya fi yi masa ciwo.

“Ni na ji,” ya ce. “In na wuce yau, duk abin da na koya muku ya zama tatsuniya. Ku sauke kaya. Gobe ku tafi da malamarku, ni zan zauna.”

“Tama, to wa zai yi wa kakanni magana?”

“Ke. Zo in ƙara maimaita miki.”

Babu sauran ɗagawa, don lokacin guguwa ya kusa, kuma yaran suna gab da fita. Ya zaunar da Niun a kan kututture ya yi ta nanata mata kalmomin gaisuwa, tana faɗa tana tuntuɓe, don Bunun ɗinta na birni ne, rabi da rabi. Da yamma ya koma gida, ya cire rigar saƙa ya mayar akwati, ya rataye wuƙar a inda take. Bai ci abinci ba. Langus ta kalle shi sau biyu, ba ta yi masa faɗa ba, abin da ba a taɓa gani ba. Can ta yafa mayafi ta ce za ta coci gyaran fure, alhali ranar Laraba ce.

Washegari yana kwance yana jin hayaniyar yara ta wuce bayan gida ta yi nisa. Ya juya wa bango fuska. Bai daɗe ba sai ihun Langus daga tsakar gida.

“Kai tsoho! Tashi ka ga sakarcin yaran nan!”

Ya fito da singileti. Ga babbar tukunyar makaranta, baƙa ƙirin, zaune a tsakiyar gidansu.

“Me ya kawo ta nan?”

“Ni na sani? Sun manta ta! A hannu za su dafa geron? Ɗauki ka bi su da ita.”

“Langus, kin san ba na...”

“Wa ya ce ka tafi wani wuri? Aike ne! Tun yaushe aike ya zama tafiya? In na aike ka sayen gishiri, tafiya ka yi? Suna nan gadar igiya suna ɗaure-ɗaure, miƙa musu ka dawo, akwai itacen da za ka faskara mini.”

Kafin ya buɗe baki ta jefa tukunyar cikin jakar raga ta maƙala masa igiyar a goshi, ta tura masa takalman roba a ƙafa, ta tunkuɗa shi waje tana faɗa. Ya tsallake bakin ƙofa yana gunaguni a kan yaran zamani da ba su san darajar tukunya ba. Hancinsa bai ce uffan ba, aike ai ba sabon abu ba ne a wurinsa.

A gadar igiya babu kowa. Sai dai a ɗaya gefen, ciyawa ce ƙulle a bakin hanya, kanta ya nuna sama, ƙullin ma a karkace.

“Haka na koya muku?” ya ce, ya tsallaka ya gyara ƙullin. Tunda ya riga ya tsallako, ya ce bari ya leƙa kwanar can, ba za su yi nisa ba. A kwanar ma ciyawa ce ƙulle. A ta gaba ma haka. Da ya tsaya shan iska ya sauke jakar, sai ya ji wani abu yana ƙwanƙwasawa cikin tukunya. Ya buɗe murfi. Ga rigarsa ta saƙa a ninke, ga wuƙar mahaifinsa, ga ƙunshin tuwon gero a ganye da ɗan naman gishiri. Can sama da shi cikin kurmi wani ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya ce “shhh.”

Umas ba wawa ba ne. Nan take ya gane komai, har furen coci na ranar Laraba. Sai ya ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso can ƙasan hancinsa. Da sauri ya mayar da murfi, ya ɗaga murya yadda duk kurmin zai ji.

“Tukunya kawai zan kai! Matata ce ta aike ni! Ina miƙawa zan koma, akwai itace!”

Ƙaiƙayin ya lafa. Shi dai ya gane, amma ya yanke shawarar ba zai gaya wa hancinsa ba. Ya ɗauki kaya ya ci gaba, duk inda hanya ta yi kwana sai ya sake sanarwa.

Wuraren suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, a jeren da ya sani, sai dai duk wanda ya zo sai ransa ya ɓaci. Rafin Jan Kare, mai kai wa ƙato wuya, ko takalminsa bai cika ba. Ya tsaya a tsakiyarsa yana kallon ruwan yana wasa da idon sawunsa.

“Atul,” ya ce, “Allah ya isa tsakanina da kai.”

Dutsen Sauke Kaya mai girman coci bai fi akurkin kaji ba. Ya zagaya shi sau biyu ko akwai wani a bayansa. Shekara da shekaru yana ƙara wa maƙaryatan nan itace a wuta, kuma ya kwashe ƙaryarsu kaf ya zuba wa 'ya'yan mutane a ka. Amma ya sauke kayan a kai, don sunansa ke nan, ya ci tuwonsa, ya shafa gefen da bayan mutane ya goge har ya yi santsi.

Wurin da mafarauta ba su cika zancensa ba shi ne Wuyan Barewa. Kullum sai su ce “sai muka wuce Wuyan Barewa,” su ci gaba da labari. Da rana ta karkata Umas ya iso, ya gane dalili. 'Yar siririyar hanya ce a kan ƙashin dutse, rami a dama, rami a hagu, gajimare a ƙasa da ƙafar mutum. Duk da igiyar da masu gyaran hanya suka ɗaura, babu ƙaton da zai wuce nan a tsaye, kuma babu ƙaton da zai dawo gida ya faɗa. Ya durƙusa ya kama rarrafe, tukunya a bayansa kamar kunkuru, yana ambaton sunan Atul da duk zuriyarsa.

A ɗaya gefen yaran suna zaune a jere tare da Niun, sun daina ɓuya. Da ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, wani yaro mai kirki fiye da wayo ya rugo da hannu biyu.

“Sannu Kaka! Kawo tukunyar in karɓa.”

Umas ya daskare. In ya miƙa, aike ya ƙare. In aike ya ƙare, ko ya koma, ko ya fara tafiya, kuma hancinsa yana saurare. Tuni idonsa ya fara kawo ruwa.

“Kar ka taɓa ta!” Niun ta daka tsawa. “Wa ya sa ka? Cina Langus ta ce... ta ce...”

“A kan murhu ta ce a ajiye,” in ji Tanivu. “Ba a hannun mutum ba. Ni na ji da kunnena.”

“Haka ta ce,” in ji Umas, yana share ido. “Kun san halinta.”

Daga nan tare aka tafi, shi a tsakiya. Ba ya koyarwa, tunda shi ɗan aike ne, amma babu dokar da ta hana mutum hira da tukunyarsa. Yana tafe yana gaya wa tukunya sunan wannan kwari, da dalilin da ya sa ba a nuna wancan tsauni da yatsa, da ganyen da ake tauna in ƙishi ya kama mutum. Yaran suka matso kusa da tukunya suna saurare. In suna da tambaya sai su tambayi tukunya, da Bunun, don an gano ita ma ba ta jin Sinanci.

“Tukunya, ina ruwan da yake kai wa wuya?”

“Tukunya ta ce ku tambayi Tama Atul in kun koma. Ku tambaye shi a gaban mutane.”

Rana tana shirin faɗawa bayan tsauni suka shiga wani fili mai hawa-hawa, bishiyoyi sun rufe shi. Da farko Umas bai ga komai ba sai ganye. Can sai ya fara ganin gine-ginen falalen dutse, ga ɗaya, ga wani, sun kai ƙugu, babu rufi, gansakuka ta lulluɓe su. Hirar tukunya ta tsaya. Ya wuce gaba shi kaɗai ba wanda ya nuna masa, ya bi ta gefen maɓuɓɓuga, ya haura hawa na biyu, zuwa gidan da ya jingina da babban dutse kamar yadda mahaifinsa yake faɗa. Wannan kam ba a yi masa ƙarya ba.

Ɗakin ƙarami ne, wata bishiya ta fito ta kusurwarsa. Ya share busassun ganye da ƙafa, ga duwatsun murhu uku suna nan tsaye, har da sauran baƙin hayaƙi a jikinsu. Ya sauke jakar. Ya ciro rigar ya saka a kan singiletinsa, ya ɗaura wuƙar. Sannan ya ɗaga tukunyar da hannu biyu ya ɗora a kan murhun. Ta zauna daram.

Yaran suka taru a bakin ginin, babu mai motsi. Niun ta zuba giyar gero a ƙoƙon gora, ta fara gaisuwar da aka koya mata, a kalma ta huɗu ta maƙale. Ta sake farawa ta sake maƙalewa. Sai kawai ta miƙa masa ƙoƙon.

Umas ya durƙusa a kan daɓen. Ya tsoma yatsa ya yayyafa. Duk kalmomin nan masu nauyi da ya haddace tun yana yaro suka gudu suka bar shi, sai ya yi magana kamar yadda ake yi a gida.

“Kaka, ni ne, Umas. Sunanka aka sa mini, ni ne babban jikanka. Ka yi haƙuri, ban kai sunan ko'ina ba, ko kurege ban kashe da shi ba. Kullum kana aiko mini in dakata, ni kuma ina dakatawa. Yau ma ba zuwa na yi ba, kar ka yi fushi, tukunya aka aiko ni da ita.”

Wani yaro ya fara dariya, ya ga kafaɗun tsohon suna rawa, ya haɗiye.

“Amma ga yara sun biyo tukunyar. Namu ne duka. Suna jin magana, in ka yi musu a hankali.”

Ya yafito su da hannu ba tare da ya waiwaya ba. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya ta ƙaramar ƙofar, kowa ya faɗi sunansa da na zuriyarsa da Bunun, wasu da ƙarfi, wasu can ƙasan maƙoshi, har ɗakin ya cika babu wurin sa ƙafa. Daga baya Niun ta kore su neman itace da ɗiban ruwa, ita ma ta fita.

Umas bai tashi ba. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan falalen da ke tsakiyar ɗakin. Dutsen da sanyi ƙalau. Ya bar hannun a kai har sai da wurin ya yi ɗumi.